Abin da Na Shayar da Motar Usta Haruna

A wannan watan Usta Haruna ya cika shekara bakwai a ƙasa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, mu 'yan tsirarun da muka rage mukan haɗu a ɗakin wani a unguwar Hadayek el-Maadi da ke nan Alƙahira, a yi sauka, a sha shayi, a tuna barkwancinsa, kowa ya kama gabansa. Bana na ga addu'a da shayi kaɗai ba za su sauke mini abin da ke ƙirjina ba. Akwai abin da na yi wa amanar da ya bar mini. Tunda na riga na faɗa wa wadda ta fi kowa haƙƙin ji, gara in faɗa a fili, ko wani mai tsohuwar mota zai tsira da tasa.

Ga wanda bai san shi ba, Usta Haruna (Usta laƙabin gwanin sana'a ne a nan) bakanike ne, Bahaushen Sudan, haifaffen wani ƙauye a bakin kogi. Kakanninsa Kanawa ne da suka taso aikin Hajji a ƙafa, suka yada zango a hanya, zangon ya zame musu gida. Ni kuwa sunana Ilya, Badamagare ne, ina da ɗan shagon turare a Darrasa, a lungun masu sayar da littattafai. Ranar da muka fara haɗuwa, da ya ji daga inda na fito, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe bayinsu sun iso har Masar. Na ce masa Bakanon da ya kasa ƙarasawa Makka ba shi da bakin magana. Daga ranar ba mu ƙara gaisawa da mutunci ba, shekara goma sha tara, kuma ban taɓa son wani namiji da ba ɗan'uwana na jini ba kamar yadda na so shi.

Motarsa tsohuwar tasi ce ƙirar Faransa, irin masu fentin baƙi da farin nan da suka cika titunan Alƙahira a da. Ya saye ta a hannun wani direba da ya gaji da titi, ya fente ta ruwan madara, ya raɗa mata suna Gwaggo. Wai don tana mita da safe, ba ta son a hanzarta ta, amma ba ta barin ɗan'uwa a hanya. Ba haya yake yi da ita ba. Duk Bahaushen da ya sauko filin jirgi da marar lafiya daga Kano ko Maraɗi, bai san gabas ba bai san yamma ba, in aka yi 'yan kiraye-kiraye a ƙarshe Gwaggo ce za ta je. Ta ɗauki ɗalibai sababbin zuwa da akwatunansu da ƙullin yajinsu. Ta ɗauki amare daga unguwar Faisal zuwa Maadi. Ta kai masu naƙuda asibiti, har akwai wadda ba ta ƙarasa ba, ta haihu a kujerar baya.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa duk gidajen man unguwar suka san shi. In ya tsaya shan mai, kafin a zuba sai ya sa an ɗiga masa kaɗan a tafin hannu. Ya shinshina, ya murza, ya duba yadda yake bushewa, sannan ya ɗan taɓa harshensa ya tofar. Masu zuba man su yi ta dariya, na baya su yi ta danna oda, shi ko a jikinsa. Na sha ganin ya rufe tanki ya ja motarsa ya bar gidan mai bai sayi ko ɗigo ba. In na ce masa wata rana fetur zai ƙone masa hanji, sai ya ce abin da ba zai iya sa wa a harshensa ba, ba zai ba Gwaggo ba.

Akwai kuma rigimar da muka shekara goma sha tara ba mu gama ba, wato rigimar sibirto. Sibirto shi ne ruwan nan garai-garai mai saurin bushewa da muke narka man turare a cikinsa. A littafi itanol ake ce masa, daga rake ko masara ake tatso shi. Usta ya ce ƙanin giya ne, ba zai taɓa rigarsa ba. Na kawo masa maganar malamai uku na Darrasa da suka ce ba laifi. Ya ce shi ba ya ja da malamai, amma rigar tasa ce. Har ya rasu turaren mai zalla nake ɗura masa a 'yar kwalba, kuma kullum sai ya shinshina ya tabbatar ban yi masa halin Damagarawa ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi. Ana saura kwana huɗu ya cika, na je duba shi asibiti da hantsi, ya laluba ƙarƙashin matashi ya miƙo mini makulli.

"Riƙe, bawana," in ji shi. "Ba don ka iya mota ba, kai ma ka san ba ka iya ba. Duk Juma'a ka fita da ita, ka ɗauki Maman Rahma ka kai ta inda take so. Abin da ba ka gane ba ka tambayi Ammu Sayyid."

Maman Rahma ita ce matarsa. Ammu Sayyid kuwa wani dattijon bakanike ne Bamisire da suka yi shekaru suna aiki a gareji ɗaya.

Da ta fita takaba na tambaye ta inda take so, ta ce maƙabarta. Matan Masar suna shiga maƙabarta, su zauna a gefen kabari har da yara. Ita ba haka aka tashe ta ba, ba ta shiga. Abin da take so shi ne in tsayar da Gwaggo a bakin ƙofa, ta zauna a kujerar gaba inda ta saba zama, ta sauke gilashi, ta ja carbinta na kamar awa guda, ni in shiga in yi masa addu'a in fito. Gwiwoyinta ba sa barin ta taka matakin ƙaramar bas, kuma babu ɗan tasin da zai kashe inji ya jira tsohuwa awa guda a bakin maƙabarta. Saboda haka wannan kujerar ita ce kaɗai wurin da take da shi kusa da mijinta. Shekara shida muna haka, in dai ina gari ba mu fasa ba.

Bara ne Gwaggo ta fara wata ƙara. In muna hawan gada sai in ji injin yana ƙwas-ƙwas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Gaskiyar magana, mai mafi araha nake saya mata, abin da Usta zai ce ai dama ya san za a rina. Ana cikin haka na ci karo da wasu bidiyoyi a waya. Ana nuna yadda a wasu ƙasashe ake gauraya fetur da itanol, wasu kaɗan, wasu da yawa, wai yana ƙara wa mai ƙarfi, yana kashe irin wannan ƙarar, yana rage hayaƙi. Ina kallo ina waiwayen jarkokin sibirto da ke jere a bayan shagona. A idon mai turare babu abin da ya kai sibirto tsabta. Da shi nake wanke kwalabe, da shi nake goge duk wani datti da ruwa ya kasa. Na ce a raina in zai wanke kwalba, me zai hana shi wanke cikin inji?

Ban tambayi Ammu Sayyid ba. Ba mantuwa na yi ba, girman kai ne. Shekara da shekaru ina zama a garejin nan kamar baƙo, suna maganar inji ina gyaɗa kai. Na so ko sau ɗaya in san wani abu game da mota da su ba su sani ba.

Na fara da kwalba ɗaya. Wallahi ƙarar ta ɗauke. Na hau gada Gwaggo tana tafiya sumul, ina murmushi ni kaɗai ina cewa ina ma Bakanon nan yana raye ya gani. Mako na gaba na zuba biyu. Kafin wata biyu kusan sulusin abin da ke tankin sibirto ne. Ta fara ba ni alamu: da safe sai na yi ta murza makulli kafin ta tashi, allurar zafi tana ɗagawa fiye da da, mai yana ƙarewa da wuri. Duk na ɗora wa tsufa. Sai tafiya gida ta kama ni, aurar da 'yar ƙanena da wasu sabgogi, na yi wata huɗu a Damagaram. Na bar Gwaggo a ƙofar gidan Maman Rahma da rabin tanki, na lulluɓe ta da tamfol, ina ganin na yi mata gata.

Da na dawo ta ƙi tashi. Na kira Ammu Sayyid. Ya buɗe gaban motar, ya matsa tiyon mai da yatsa biyu, tiyon ya lotse kamar burodin da ya sha shayi, ya bar masa baƙi a hannu. Ya zagaya ya buɗe murfin tanki ya shinshina. Sannan ya zuƙo abin da ke ciki ya zuba a kwalbar gilashi ya ɗaga ta a rana. Abin ya rabu gida biyu, fetur a sama, wani ruwa mai duhu-duhu a ƙasa.

"Wa ya shayar da ita sibirto, ya Hajj?"

Na ce wataƙila gidan mai ne. Ya dubi kwalbar, ya dubi rigata da ke ta ƙamshin shago, ya ce "tamam," wato shi ke nan.

Daga baya, da ya huce, ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Motocin yanzu an ƙera tiyonsu da robobinsu don su jure irin wannan man. Na Gwaggo an yi su ne tun ba a san da zancen ba, sibirto yana cinye su a hankali. Ya cinye fatar famfon mai, ya bar wani farin gari a cikin kafireta. Kuma yana jawo danshi daga iska, balle nawa na turare da dama akwai ɗan ruwa a cikinsa, ba kamar wanda matatu ke busarwa kafin su gauraya ba. Muddin mota tana tafiya abin yana cakuɗe. Da ta tsaya wata huɗu sai ruwan ya kwanta a gindin tanki yana cin ƙarfe. Sannan ya nuna mini inda tiyon ya tsage, daidai saman wurin da injin ya fi zafi. Ya ce in gode wa Allah da ta ƙi tashi, don da ta tashi da wuta ce za ta tashi tare da ita. Na dubi wurin, na dubi kujerar gaba, tsakaninsu bai kai kamu uku ba. Na zauna a bakin titi.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma da na hau sama wurin Maman Rahma, ta tambaye ni abin da ya samu motar, sai na ji bakina ya ce, "Tsufa ne, Hajiya. Injin ya gama." Ta yi salati, ta ce, "Ta bi mai ita." Sai ta fashe da kuka, matar da ko ranar jana'iza ban ga hawayenta ba. Ina zaune ina ba ta haƙuri, ina ce mata komai mai ƙarewa ne. Har yau in na tuna irin muryar malaman da na yi amfani da ita a ranar, kunya takan kama ni.

Na koma wurin Ammu Sayyid in lallaɓa shi ya gyara a ɓoye, in ya so in ce mata sa'a aka yi. Ya ƙi. Ya ce motar Haruna ce, ba tawa ba, ba zai sa mata hannu ba sai mai ita ta san abin da ya same ta ta ce a gyara. Ya ce shi ba zai kai tsegumi ba, amma kuma ba zai taya ni ba. Haka muka yi wata uku. Juma'a ɗaya na ɗauko mata tasi, ba mu yi minti goma a bakin maƙabarta ba direban ya fara duba agogo yana "yalla, ya Hajja, yalla." Ta naɗe carbinta ta ce mu tafi. Ba ta sake yarda an ɗauko tasi ba.

A watannin nan na yi ta tambayar kaina abin da Usta zai ce game da wannan sabon man, tunda har a nan Masar an fara jin maganar tatso shi daga rake a gauraya da fetur. Masu cewa zai la'anci abin ba su san shi ba. Lokacin da 'yan tasi suka fara komawa gas, tsofaffin makanikai suna ta tsaki, shi ya je ya tsuguna gaban wanda bai kai shi shekaru ba ya koyi aikin. Na san abin da zai yi. Zai yanko guntun tsohon tiyo ya jefa a kwalbar sibirto, ya ajiye a kan kanta, ya riƙa dubawa duk safiya. In ya ga ya lalace, ya nemo irin tiyon da ba ya lalacewa, ya sake gwadawa. Ba zai kai abin kusa da Gwaggo ba sai ya gama sanin halinsa a kwalba. Matsalarsa ɗaya ita ce harshe. Ina ganinsa yana zagaya malaman Darrasa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko ya halatta bakanike ya ɗanɗana man da aka sirka da ƙanin giya, kuma duk amsar da suka ba shi, na tabbata da hanci zai ƙarasa aikinsa. Bambancina da shi ke nan. Shi sabon abu ba ya ba shi tsoro, amma ba ya gwaji da amanar mutane.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne wani mai tara tsofaffin motoci da ya hango Gwaggo a ƙarƙashin tamfol. Ya bi ta hannun mai gadin gidan ya aika yana son saye. Maman Rahma ta kira ni a waya ta ce in zo in tsaya a kan cinikin. Ta ce tunda motar ta mutu, gara a ɗauke ta, ta gaji da leƙa taga tana ganinta. Aka sa ranar Asabar. Wato a kan ƙaryata za ta rabu da kujerar nan har abada, kuma ni ne zan miƙa makullin.

Ranar Alhamis bayan la'asar na hau benen. Tana zaune a kan darduma, 'yarsu Rahma, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta dawo aiki ke nan ko kaya ba ta sauya ba. Na ƙi shan shayin da aka kawo. Na faɗa musu komai, tun daga kwalbar farko har zuwa tiyon da ya tsage, ban rage ko ɗaya ba. Na ce motar ba ta mutu ba, tana gyaruwa, ni ne na kwantar da ita. Rahma ta tashi ta shige ɗaki. Uwar ta dube ni.

"Sibirton kuskure ne, Malam Ilya, kowa yana yi," in ji ta. "Amma wata uku kana kallona ina yi wa mota takaba. Ba ni makullin."

Na ciro shi daga aljihu na ajiye a gefen dardumar. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kore ni ba, amma ba ta ce in gaida gida ba.

Mako shida Ammu Sayyid ya yi a kan Gwaggo. Ya sauke tanki ya wanke tsatsar, ya shafe cikinsa. Ya bi kasuwannin tsofaffin kayan mota har ya samo fatar famfo. Ya kwance kafireta ɗaya bayan ɗaya, ya sauya duk wani tiyo da irin wanda ke jure sabon man, don ya ce ko ba yau ba abin yana tafe. Shawararsa ga masu irin wannan motar gajeriya ce: kada ka yi haɗin da kanka, kada ka ba ta mai yawan itanol sai an sauya mata robobi an daidaita kafireta, kuma kada ka bar ta a tsaye da shi a ciki. Ranar da motar ta tashi ban je ba, ba a gayyace ni ba. Rahma ce ke tuƙa ta yanzu. Na ji labari wurin mutane cewa Juma'a ta dawo yadda take, har an ga Gwaggo a filin jirgi ta je ɗauko wani dattijo da aka kawo aikin ido.

Wata biyar bayan tashin motar ina zaune a shago ranar Juma'a ina lissafin abin da ya rage na Usta Haruna. Garejin ya zama shagon waya. A cikin motar ma, in ka buɗe gabanta, rabin abin da hannunsa ya ɗaura an cire. Amma akwai dattijon Bamisire da ya ƙi taya ni ƙarya saboda abokinsa da ke ƙasa. Akwai 'yarsa da take tashi daga aikin asibiti a gajiye ta je ɗauko baƙon da ba ta sani ba, don haka ta ga ana yi a gidansu. Ni kaina, da ba don na zauna da shi shekara goma sha tara ba, wataƙila da na tsaya a kan cinikin nan ranar Asabar na koma shagona hankali kwance. Shi ne bai bar ni ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa aljanna ce makomarsa.

Juma'ar da ta wuce Rahma ta kira ni. Ta ce, "Baba Ilya, Mama ta ce ka shirya, za mu biyo ta Darrasa." Suka zo, na buɗe ƙofar baya na shiga, karo na farko da na taɓa zama a nan. Muka gaisa, muka kama hanya. Rahma ta tsaya a bakin ƙofar maƙabarta ta kashe inji. Maman Rahma ta sauke gilashi, ta ciro carbinta, ta ce ba tare da ta waiwayo ba:

"Wata biyar ina zuwa, ba mai shigar mini. Sauka, Malam Ilya. Ka fara gaya masa abin da ka yi da bakinka, sannan ka yi masa addu'a. Kada ka yi sauri, muna nan."

Na sauka na shiga. Makullin yana hannun Rahma, ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.